Me Ke Cin Asusun Ƙungiyar Unguwa?

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano, ko a unguwannin da ke wajen ganuwa irin su Fagge da Kurna da Gwagwarwa, ya san wani abu da kan faru idan bazara ta ja jiki, hadari ya fara haɗowa daga gabas. Wata safiya ta Asabar ko Lahadi sai ka ga samari sun fito da shebur da manjagara da baro, sun naɗe ƙafar wando, sun tsunduma cikin kwatami suna yashe shi don kada ruwan farko ya shiga gidajen mutane. Wani daga cikinsu kuma yana tsaye a bakin titi da kwano a hannu, yana neman gudummawa daga masu wucewa. Waɗannan su ne ƙungiyoyin taimakon kai da kai. Ban da yasar magudanai, su ne masu cike kaburburan da suka rufta a maƙabarta, su ne masu ajiye makara da kayan haƙar kabari, su ne masu bi gida gida idan taransifoma ta ƙone, kuma sau da yawa su ne masu kai marar lafiyar da ba shi da kowa asibiti.

Abin da ya daɗe yana damuna game da su shi ne yadda suke mutuwa. Ƙungiya takan fara da ƙarfinta, da hatimi da takarda mai tambari da allo a bakin lungu, amma bayan 'yan shekaru sai ka tarar allon kaɗai ya rage, shi ma fentinsa ya koɗe. In ka tambayi dalili, amsa ɗaya ce a bakin kowa, wai an cinye kuɗin. Ba na musun cewa akwai macuta, domin ba a rasa nono a ruga. Amma ra'ayina, wanda nake son in gabatar a gaban malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, shi ne ƙungiyoyin da ɓarawo ya kashe ba su kai yawan waɗanda suka mutu a hannun mutanen kirki ba. Abin da ke cin asusunsu abu ne da ba ya haura katanga, wato kuɗin wata da aka bari a tsaye alhali darajar naira tana zagwanyewa, da dogaro ga bikin gidauniya, da kuma kunyar da ke hana mu tambayar lissafi.

Ya kamata in faɗi inda na samo wannan ra'ayi. A lokacin yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya zaunar da mu a gida wata takwas cur (malamaina su yi mini afuwa, ba tsokana nake yi ba), dattawan ƙungiyar unguwarmu suka ɗora mini aikin magatakarda. Hujjarsu ita ce tunda Hausa nake karantawa a jami'a, ai rubutu ba zai gagare ni ba. Aka miƙo mini wata tsohuwar akwatin ƙarfe cike da littattafan taro da na karɓar kuɗi, wasu gara ta ci gefensu, wasu ruwa ya taɓa su, mafi tsufansu tun na zamanin Jamhuriya ta Biyu. Da yake ba ni da wani aiki sai na zauna na karance su kaf. Ba zan ambaci sunan ƙungiyar ba, domin waɗanda suka yi rubutun wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu kuma ina gaishe su kullum a masallaci. Amma duk wanda ya taɓa zama a irin wannan taro zai ga tasa ƙungiyar a cikin tamu.

Kafin zuwan ƙungiya mai shugaba da ma'aji, Bahaushe yana da aikin gayya. Gayya kuwa ba ta da asusu. Mai gona ya yi gayya, jama'a su zo da fartanyarsu, a dama fura, a yi kiɗa, a gama aiki kafin la'asar, kowa ya kama gabansa. Ba abin da ake ajiyewa sai zumunci, saboda haka ba abin da zai ɓace. Matsala ta fara ne daga ranar da aikin al'umma ya koma mai bukatar siminti da rodi da fetur, abubuwan da ƙarfin damtse ba ya samar da su. Sai muka ɗauko tsarin ƙungiya na zamani muka ɗora a kan zuciyar gayya. Muka naɗa ma'aji da sakataren kuɗi da mai binciken kuɗi, amma har yanzu a ranmu muna ganin aikin jama'a abu ne na rana ɗaya, a taru a yi a watse. Shi kuwa kuɗi ba ya son haka. Kuɗi yana son a riƙa waiwayarsa kowane wata, ko ana aiki ko ba a yi.

Bari mu shiga lissafi kaɗan, ko da yake na san da yawa daga cikinmu gudun lissafi ne ya kawo mu wannan sashe. A littafin farko na ƙungiyarmu kuɗin wata naira ɗaya ne. Mai karatu na yau zai yi dariya, amma naira ɗaya ta wancan zamani ba abin dariya ba ce. Da aka fito da naira a ranar 1 ga Janairu 1973, sule goma ce naira ɗaya, naira biyu kuma fam guda. A 1981, lokacin da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta yanke mafi ƙarancin albashi a kan naira 125, naira ta fi dalar Amurka daraja, har albashin nan yakan kai kimanin dala 200. Litar fetur ba ta kai kwabo 20 ba. Takardar kuɗi mafi girma a ƙasar ita ce naira 20 mai hoton Janar Murtala, wadda aka fitar a 1977. Ke nan mutum hamsin in suka zuba naira ɗaya ɗaya, sun tara kusan rabin albashin ƙaramin ma'aikaci a zama guda.

To, sai ƙasa ta fara motsi a ƙarƙashin ƙafarsu. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP, aka buɗe kasuwar musayar kuɗi a watan Satumba na shekarar, naira ta fara gangara. A 1995 hauhawar farashi ta haura kashi 70 cikin 100. Takardun kuɗi suka yi ta girma suna biye da faɗuwar darajar: naira 50 a 1991, naira 100 a 1999, naira 500 a 2001, naira 1,000 a 2005. Mafi ƙarancin albashi ya koma 18,000 a 2011, ya koma 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024. A tsakiyar 2023 aka janye tallafin fetur, aka kuma saki naira a kasuwa, kafin ƙarshen 2024 litar fetur ta haura naira 1,000, dala kuma ta haura naira 1,500. Idan mai karatu ya raba 70,000 gida 125 zai sami 560. Ma'ana, wanda yake biyan naira ɗaya a 1981, in ana son ya ɗauki nauyi daidai da na wancan lokaci gwargwadon albashi, to naira 560 ya kamata ya biya a 2024. Wannan ma sassauci ne, domin shi kansa albashin bai iya bin sawun kasuwa ba, tunda 70,000 ɗin ba ta kai dala 50 ba a shekarar da aka yanke ta. Ni kuwa da na karɓi littafi, naira ɗari na tarar ana biya, kuma ana yi mata kallon ƙari mai tsanani. Ashe a cikin shekaru arba'in ƙungiya ta rage wa kanta kuɗin shiga fiye da ninki biyar ba tare da an taɓa ɗaga hannu an amince da ragin ba.

Me ya hana a ƙara? Littattafan taro sun ba ni amsa, domin maganar ta sha tasowa. Duk lokacin da wani ya kawo ta, sai wani ya miƙe ya ce jama'a suna cikin matsi, ba yanzu ba. Gaskiya ne kuwa, suna cikin matsi. Amma matsin da ya hana a ƙara kuɗin wata shi ne dai ya ninka kuɗin shebur da tayar baro. Daɗin daɗawa, waɗanda suka rubuta dokokin ƙungiya sun rubuta adadin kuɗin a cikin dokar kanta, saboda haka taɓa shi ya zama tamkar taɓa wasiyyar magabata. Na ga shafin da aka yi muhawara a kan ƙarin kuɗi aka ɗage zuwa bayan Salla, na bi shafuka ban sake ganin maganar ba sai bayan Salloli da yawa.

Wani abin kuma shi ne bashin kuɗin wata. Mutanenmu ba su da wasa da adashi. Matar da ke sayar da ƙosai ba za ta kwana ba ta kai zubinta wurin uwar adashi ba, domin ta san ranar kwasarta na nan tafe, kuma ta san in ta saɓa za a cire ta. Kuɗin ƙungiya kuwa ba ya dawowa hannunka. Wanda ya biya da wanda bai biya ba duk kwatami ɗaya ake yashe musu, kuma duk makara ɗaya za ta ɗauke su. Ba kuma wanda zai iya korar maƙwabcinsa daga ƙungiya saboda bashin wata shida, alhali gobe za su haɗu a wurin suna. Saboda haka a littafi sunaye suna da yawa, amma masu biya ba su wuce waɗanda suka saba zama a tabarmar gaba ba.

Da asusu ya fara ƙafewa, sai aka gano wata hanya da ake ganin ta fi sauƙi, wato ƙaddamar da gidauniya. A nan nake son in ɗan daɗe, domin a ganina wannan ne maganin da ya fi cutar illa. Kowa ya san yadda ake yi. A buga katin gayyata, a ɗauko hayar rumfa da kujeru da lasifika, a sayi lemo da ruwa, wani lokaci har a buga kalanda mai hotunan shugabanni. A naɗa uban taro da babban baƙo da babban mai ƙaddamarwa. Sanƙira ya riƙe lasifika yana kururuta alkawura, jama'a suna tafi. A tashi taro kowa yana murna an tara kuɗi masu kauri. Amma abin da aka faɗa a lasifika daban, abin da ya shiga hannun ma'aji daban. A ɗaya daga cikin littattafan nan na tarar da shafi guda na sunayen masu alkawari, a gaban kowane suna an bar fili don a rubuta ranar da ya cika. Yawancin filayen har yau farare ne. A shafukan da ke biye kuma sai kuɗin motar 'yan kwamitin da suka yi ta zarya gidajen masu alkawarin, ana ce musu Alhaji ya yi tafiya, ko yana barci, ko a dawo jibi. Shi kuwa mai rumfa da mai lemo ba su karɓar alkawari, a take aka biya su, daga ɗan abin da ya rage na kuɗin wata.

Ko da a ce duk alkawuran sun cika, akwai wata ɓarna da ba ta fitowa a lissafi. Daga ranar da talakan unguwa ya ji an ambaci dubban ɗaruruwa a lasifika, to ya daina ganin amfanin 'yar nairarsa. Zai ce ai ƙungiya ta yi kuɗi. In aka zo karɓar kuɗin wata sai ya tambaya ina waɗanda aka tara ran nan. Ta haka ƙungiya kan tashi daga hannun masu ita ta koma ta mai bayarwa, mai bayarwa kuwa ba kullum yake bayarwa don Allah ba. Mutanen Kano ba su bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. Tun zamanin PRP da NPN, da rabuwar santsi da taɓo, 'yan siyasa suka gane cewa ƙungiyar unguwa rumbun ƙuri'a ce. Da sojoji suka kifar da gwamnati a ranar 31 ga Disamba 1983, iyayen ƙungiyoyi da yawa suka shiga halin ni-'yasu, 'ya'yan kuma suka zama marayu. Tun dawowar mulkin farar hula a 1999 abin ya zama kamar damina da rani. Shekarar zaɓe a sami baro sababbi da riguna masu hoton ɗan takara, shekaru uku da ke biye kuma ko tsintsiya babu. In an yi rashin sa'a ɗan takarar ya faɗi, sai wanda ya ci ya ɗauki ƙungiyar a matsayin ta abokan hamayya. Kwatami dai ba shi da jam'iyya, amma masu yashe shi an riga an shafa musu fenti.

Sai kuma maganar inda ake ajiye ɗan abin da aka samu. Dattawanmu suna da dalilinsu na tsoron banki. A watan Janairu 1998 an rufe bankuna 26 a lokaci guda, kuma abin da hukumar inshorar ajiya ta NDIC ke lamuncewa a lokacin bai wuce naira 50,000 ga kowane mai ajiya ba. Ga kuma ƙyamar kuɗin ruwa, wadda ta sa ko an buɗe asusu ba a yarda a sa kuɗin inda zai haihu. Amma ajiya a gida ita ma ba ta tsira ba. A watan Afrilu 1984 gwamnatin Janar Buhari ta sauya launin takardun kuɗi, ta ba da wa'adin da bai kai mako biyu ba. A ƙarshen 2022 aka sake fasalin naira 200 da 500 da 1,000, kowa ya ga wahalar da aka sha a farkon 2023. Duk ma'ajin da ke da kuɗin jama'a a ƙarƙashin katifa a waɗannan lokuta biyu ya san abin da ake kira rashin barci. Sai dai ko a banki ko a katifa, akwai ɓarawon da ba ya bukatar mabuɗi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamba 2024. Ma'anar wannan ita ce kuɗin da aka ajiye shekara guda ba a taɓa ba ya rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da zai iya saye. Ƙungiyar da ta yi shekara uku tana tara kuɗin ginin kwalbati tana bin inuwarta ne da gudu. Hujjar kuɗin ruwa ma ta yi rauni yanzu, tunda bankin Jaiz ya fara aiki tun 2012 ba tare da ruwa ba, wasu irinsa sun biyo baya, gwamnatin tarayya kuma ta fara sayar da takardun sukuk a 2017. Amma ban ga alamar labarin ya iso tabarmar taronmu ba.

Yanzu na zo kan abin da ya fi taɓa ni a cikin akwatin nan. Wa muke zaɓa ma'aji? Mutumin da kowa ya yarda da shi, galibi dattijo mai kanti ko mai sana'a a kasuwa, wanda ba a taɓa jin sa da abin kunya ba. Saboda mun yarda da shi, ba mu ba shi rasit, ba mu karɓa daga gare shi. Shi kuma saboda ya yarda da kansa, sai ya zuba kuɗin ƙungiya a aljihun da yake zuba cinikin kanti, yana riƙe da adadin a ka. Da dare wani ya buga masa ƙofa, matarsa na naƙuda, a ranta masa daga kuɗin ƙungiya. Zai hana? Ba zai hana ba, ai don irin haka aka kafa ta. Zai ce a kawo shaida a sa hannu a cikin wannan hali? Kunya ba za ta bar shi ba. Gobe shugaba ya aiko a ba masu gyaran famfo wani abu, jibi a yi rasuwa a sayi likkafani. Duk ba a rubuta ba, ko kuma an rubuta a bayan kwalin sukari. Ranar da aka ce a kawo lissafi sai a ga giɓi, shi kuwa bawan Allah ko kwabo bai ci ba, watakila ma nasa ne ya shiga ciki. Amma ina hujja? Sai raɗe-raɗi ya fara zagaya majalisu, ya ji, ransa ya ɓaci, ya ajiye muƙami, rabin ƙungiya su bi shi. Mafi muni shi ne in ya rasu kuɗin na hannunsa. Magada ba su san nawa ne na ƙungiya ba, ƙungiya ba ta da takardar da za ta nuna, kuma wa zai je wurin zaman makoki da maganar kuɗi? Irin wannan ya faru a tamu, kuma har yau akwai gidaje biyu da gaisuwarsu ba ta wuce ta fatar baki.

Abin mamaki shi ne mu da muke jin kunyar rubutu, addinin da yawancinmu ke bi bai ji kunyarsa ba. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana, kuma ba ta ware salihai ta ce su ba sai sun rubuta ba. Rubutu kariya ce ga mai gaskiya kafin ya zama tarko ga macuci. A nan kuma akwai wani abu da ya shafe mu, mu ɗaliban harshe. Kalmar da muke amfani da ita, wato bincike, tana ɗauke da ƙurar zargi a kunnen Bahaushe. In ka ce za a binciki Malam wane, ka riga ka ɓata shi, domin ba a binciken mutum sai ana tuhumarsa. Shi ya sa muƙamin mai binciken kuɗi ya zama na ado a yawancin ƙungiyoyi, ana ba wanda aka san ba zai yi magana ba. Da za a bar wannan kalma a ce karatun lissafi, a mai da shi abin da ake yi a kowane taro kamar yadda ake buɗewa da addu'a, ko akwai zargi ko babu, da dafin ya fita. Abin da ake yi kullum ba ya zama cin fuska. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa ƙungiyoyin da suka yi rajistar amintattu su riƙa miƙa bayanin kuɗinsu ga hukuma, amma ƙungiyar lungu ba ta Abuja take bukata ba, ta gaban jama'arta take bukata.

Na san za a yi mini raddi ta fuska biyu. Wasu 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu zafin ra'ayi, za su ce duk wannan aikin gwamnati ne, kuma duk ƙungiyar da ta yashe kwatami ta ɗauke wa ƙaramar hukuma nauyin da aka ba ta kuɗi dominsa. Ban ƙi ba. Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 tsabtar gari da magudanai da maƙabartu suna cikin ayyukansu. Amma ruwan Agusta ba ya jiran a gama wannan muhawara kafin ya shiga ɗakin tsohuwa. Kuma ƙungiyar da ke tsaye da ƙafarta ita ce mai bakin da za ta je sakatariya ta yi magana, wadda ke jiran baro daga hannun shugaban ƙaramar hukuma kuwa sai godiya.

Raddi na biyu ya fi nauyi, shi ne cewa talaka ba zai iya ba. Wanda bai ci abincin rana ba, ta yaya za a ce ya kawo naira ɗari biyar? Amsata ita ce a daina rubuta adadin naira a cikin doka sam. A ɗaura kuɗin wata a jikin wani abu da kowa ya san farashinsa, misali a ce kuɗin rabin kwanon gero, a duba yadda ake sayar da shi a Dawanau sau ɗaya a shekara bayan kaka, a tsayar da shi har shekara ta zagayo. In hatsi ya hau ya hau da shi, in ya sauko ya sauko, ba sai an yi rigima a taro ba. Na san siminti ba ya bin farashin gero sau da ƙafa, amma ko yaya ya fi adadin da aka daskarar tun zamanin kakanni. Wanda kuma ba shi da kuɗin, a karɓi ƙarfinsa, a rubuta masa cewa ya biya da yinin aiki. Wannan ba sabon abu ba ne, gayya ce ta dawo ta ƙofar gaba. Abin da ba shi da kyau shi ne a bar sunansa a jerin masu bashi har kunya ta hana shi zuwa taro.

Gidauniya kuma ban ce a daina ba, amma kuɗinta kada a ci shi a hidimar yau da kullum. A sa shi a abin da zai riƙa kawo wani abu: kujeru da rumfa da manyan tukwane na haya, waɗanda ba a mako guda ba a neme su ba a unguwar da ake biki da suna, ko ɗan shago in hali ya yi. Musulunci ya san wannan da sunan wakafi ko hubusi, Jihar Kano ma tana da hukumar zakka da hubusi tun 2003, amma mu a ƙasa mun fi son mai kuɗi ya ba mu tsaba a gaban jama'a da ya ba mu ɗaki guda a rubuce. Haka nan duk abin da aka gina a san zai lalace. Rijiyoyin burtsatse nawa ne a unguwanninmu da aka buɗe da kaɗe-kaɗe, yau awaki ke kwana a gindinsu saboda injin ya ƙone ba kuɗin gyara? Da ana karɓar wani ɗan abu a kan kowace jarka, ana ware shi a asusun da ba a taɓawa sai don gyara, da ba a koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa ba.

Na kai waɗannan shawarwari gaban taronmu, bayan na fara bi ta kan limamin unguwa, domin yaro ba ya miƙewa haka kawai ya gyara wa iyayensa zama. Maganar karatun lissafi ta karɓu fiye da yadda na zata, kuma wanda ya fi kowa goyon bayanta shi ne ma'ajin da kansa, wanda ya ce dama abin ya daɗe yana hana shi barci. Yanzu duk kuɗin da ya shiga ko ya fita ana sa hoton rasit ɗinsa a zauren WhatsApp na ƙungiya, a kuma karanta wa waɗanda ba su da waya a ranar taro. An yarda mutum uku su riƙa sa hannu kafin a fitar da kuɗi. Maganar kujerun haya an kafa mata kwamiti. Da aka zo kan ɗaura kuɗin wata a jikin kwanon gero, sai wani dattijo ya gyara zama ya ce shawara ce mai kyau, Allah ya yi wa yaron nan albarka, amma jama'a suna cikin matsi, a bari sai bayan Salla. Ni ne mai riƙe da alƙalami, haka na rubuta. Daga cikin baro uku da muke da su biyu ba su da taya, an kuma ce kafin a fita yasar bana sai an sake tsayar da yaro da kwano a bakin titi.